Guɗar da Aka Goge

Bayan magariba ina haɗa kayan shagona na faifai a tashar Talata Mafara, wata mata lulluɓe da zane ta yi sallama. Muka gaisa, amma a bayan muryarta akwai wani shuuu, irin na tsohon kaset.

Ta ce in sa mata waƙar noman da aka ɗauka a gayyar garin Dakko tun ina goye. Na sa sabon faifan da aka wanke sautinsa tas. Ganga ta fito tar.

Da mawaƙin ya kira sarkin noma, sai ta ɗaga hannu. "Nan akwai guɗa. Ina take?"

"Masu gyara sun zaci hayaniya ce, Inna, sun goge."

Ta sauke hannunta. "Cikin wagga waƙa kaɗai na rage. Kabarina ma ruwa ya shafe."

Na sunkuyar da kai. A daidai wurin nan Baba yake mayar da kaset baya, ya ce, "Saurara, Zubairu, uwarka ce."

Na ɗago kai, na sake cewa, "Inna."

Shuuu ɗin kaɗai ya amsa.