Agogunan Kawu Masu Cin Shekaru

Har yau in na tuna Kawu zuciyata tafasa take. Shekara ashirin yana gyaran agogo a wani ɗan ƙuntataccen shago, yana kallon masu kuɗi suna wuce shi zuwa kantin agogunan bango masu zanen furanni. Hassada ta cinye shi. Rannan da rana tsaka ya rufe shago, sai wurin boka.

Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle a bango, ƙoƙon kan bunsuru bisa turmi, ga wata baƙar tukunya tana tafasa babu wuta a ƙarƙashinta. Boka ya sa shi ya tsoma sukudirebansa a ciki, ya fito jina-jina.

"Duk agogon da ka haɗa, rububinsa za a yi," in ji boka. "Amma wanda ya fara motsa hannun agogon, shekara guda ta rayuwarsa ta tafi."

Kawu ya roƙi a rage zuwa wata ɗaya. Boka ya ce nan ba kasuwa ba ce, in ba ya so ga hanya. Kawu ya yi tunani, ai mai saye ne zai saita lokaci, ina ruwansa? Ya amince.

Arziki ya zo. Attajirai suna rataye agogunansa a falo, teloli suna kwaikwayon furanninsa a rigunan mata. Ya gina bene.

Abin da ya manta, 'yarsa Auta ce ke yin zanen. Bayan ya gama haɗa agogo ita ke shafa ruwan zinare na ƙarshe, kuma kullum sai ta ture hannayen da yatsa, kada fenti ya taɓa su. Yarinya mai shekara sha tara, mai dariya kamar saukar ruwan sama, furfura ta rufe mata kai, bayanta ya ranƙwafa.

Wata safiya ya shigo ya ga yatsanta a kan hannun agogo. Nan take ya gane.

"Baba, me ya sa nake gajiya haka?"

Ya dubi agoguna goma da ake jira. Ya ce mata warin fenti ne, ta daure.

A kan agogo na bakwai ta faɗi matacciya, buroshi a hannunta. Mahaifiyarta ta zauce, tana bin ɗakuna tana fasa gilasai. Benen ya zama kango. Kawu kuwa yana bakin titi cikin tsumma, kunnuwansa toshe da auduga, yana roƙon masu wucewa su tsayar masa da ƙarar agogo da ke cikin kansa.

Kada wanda ya ce mini ƙaddara ce, ya sani sarai. Kai mai kwaɗayin dukiyar tsafi, ka dubi mutanen gidanka da kyau, domin da su za ka biya.