Garantin Shekara Talatin

Ana gab da kiran magariba Zumreta ta ɗora gahawa, 'yarta Ilhana na gefe tana yanka kabeji, sai dutsen farko ya faɗo. Daga silin ya sauko ya dira tsakiyar tebur, silin ɗin kuwa ko tsaga babu. Da Zumreta ta ɗauka ta duba, sai ta ga ɓarin tsohon tayil ɗin rufinsu ne, wanda ma'aikata suka kwashe tun watan jiya.

Benen nasu hawa biyar ne a bayan garin Zenica, gida ashirin, amma huɗu kaɗai ake ganin haske a tagoginsu. Sauran masu gidajen suna Jamus. Zumreta ce shugabar ƙungiyar masu gidajen, ba don ta so ba, sai don ita ce a hawan ƙarshe, ita ruwa ke zuba wa a kai tun bayan rasuwar mijinta Mensur.

Tun farko 'yan kwangila biyu ne suka nemi aikin sake rufin. Na farko ya ce tayil zai mayar, garanti shekara goma. Na biyu, mai ƙamshin turare, ya ce kwano zai sa, shekara talatin. "Uwargida, ko sauro sai ya nemi izini." A kan matakala aka yi taron, mutum uku.

"Talatin?" in ji tsoho Vlado na hawan ƙasa. "Ni likita ko zuwa bazara bai ba ni garanti ba."

"Kai da sai ruwa ya ratsa gida huɗu kafin ya same ka, rufe mana baki," in ji Shevala, maƙwabciyar Zumreta.

Aka tsaya a kan mai kwanon, na Jamus suka turo amincewarsu ta waya. Zumreta ta karanta sharaɗin har sau biyu: za a toshe wata ƙaramar taga da ke ƙarƙashin rufi, kuma duk wanda ya huda kwanon, ko da ƙusa ce, garanti ya tashi. Ta sa hannu.

Daga ranar dutsen farko, kullum magariba sai an yi jifa. Sannan Ilhana ta daina cin abinci. Sai ta tafi ta tsaya ƙarƙashin ƙofar hawa rufi, kanta a ɗage, har duhu ya rufe ta. Wata yamma ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa da ta daɗe a kabari ta fito: "Wa ya bar ƙofar bene a buɗe? A kango aka haife ku?" Kafin Zumreta ta gama salati, muryar ta koma ta ɗan Shevala, wanda ya yi shekaru bai leƙo gida ba: "Mama, akwai burodi?" Shevala ta fito da gudu, cokali a hannu. Da ta ga wadda ke maganar, sai ta zauna a kan matakala ta rufe fuska.

Aka kira Hoja Sakib, limamin da ya san ruƙiya. Ya hau hawa biyar yana haki, ya tuɓe takalmi, ya zauna gaban Ilhana ya fara karatu. Can yarinyar ta murmusa, murmushin da ba nata ba.

"Wane ne kai?" Hoja ya tambaya.

"Na riga kowa tarewa a benen nan. Ta tagar nan nake fita, ta nan nake dawowa in saurari mutane. Duk sun watse, muryoyinsu kaɗai na riƙe. Yanzu kun danne ni kamar kabejin da ake cusawa a ganga don ajiyar hunturu. Na duba, yarinyar nan ce kawai a buɗe."

"Ka fita daga jikinta."

"Ta ina, malam? A buɗe mini sama."

Hoja ya juyo ya dubi Zumreta. Ita kuwa ta san buɗe sama huda kwanon ke nan, garanti ya tashi. Rufin gida ashirin ne, kuma idan ya yi yoyo gobe ita kaɗai za a tsare.

"Ko kuwa a bar kwanon yadda yake," in ji aljanin. Muryar ta sauka, ta yi kauri, har da 'yar shaƙewar masu shan taba. "Zumro. Ba ki sa sukari ba ko? Bar ni a nan. Kullum magariba mu sha gahawa tare, ki ba ni labarin unguwa."

Mensur ne. Babu wanda ke ce mata Zumro sai shi. Ta dafa bango.

"Kada ki amsa masa," Hoja ya ce a hankali.

Ba ta amsa ba, amma ta daɗe a tsaye, fiye da yadda ya kamata. Tana kallon bakin da muryar ke fitowa, sai ta lura leɓɓan 'yarta sun bushe sun tsattsage, idanun kuma ba kowa a cikinsu.

Ta sauka har ƙasa ta ƙwanƙwasa wa Vlado. "Ara mini almakashin kwano." Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarta, ya fasa, ya miƙo mata.

Ita da kanta ta hau tsani ta sa wa rufin almakashi. Kwanon ya yi ƙara kamar ana yanka dabba. Da iska ta shigo, sai ta ji Hoja a ƙasa yana cewa, "Yi mini alkawari ba za ka dawo ba."

"In dawo wurin wa?" in ji muryar, yanzu ba ta kowa ba ce.

Wani sanyi ya wuce ta gefen kuncinta ya fice ta hujin. Da ta sauko, Ilhana na zaune tana rarraba ido. "Mama, me ya sami hannunki? Jini fa kike."

Bayan yarinyar ta ci abinci ta yi barci, Zumreta ta naɗe hannunta da tsumma, ta aika wa masu gidajen saƙo cewa ta huda rufi, garanti ya tashi, laifinta ne. Waya ta nuna duk sun karanta. Ta zauna a kicin tana jiran wani ya kira, ko zagi ne ya zage ta. Har gahawar ta huce wayar ba ta yi ƙara ba.