Takalma Biyu a Bakin Ƙofa

Jamilatu tana kicin tana kaɗa miyar kuka a ranar Juma'ar da saurayinta Lado ya tafka kuskuren da ya kusa raba su.

Mahaifinta Malam Maiwada ɗan Wusasa ne, ma'aikaci a ofishin jakadanci, Kirista kaka da kakanni. Da yake babu majami'a a Riyad, a falonsa da ke hawa na uku a unguwar Shumaisi Kiristoci Hausawa suke sujada a ɓoye duk Juma'a. Malam mutum ne mai tsari har ya yi yawa. A zo ɗai-ɗai, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, kuma kowa ya shigo da takalmansa a hannu, domin tarin takalma a bakin ƙofa shi ke tona asirin taro.

Ran nan Lado ya zo da baƙo, Harouna mutumin Maraɗi, abokin aikinsa a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Harouna ya dubi ƙurar takalmansa ya ce shi kam ba zai shiga da su gaban dattijo ba. Lado, sarkin kunya, ya tuɓe nasa ya ajiye kusa da na baƙo. Waɗanda suka biyo baya suka zaci doka ta canja. Kafin a gama addu'ar farko, sai ga haris mai gadin bene yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana tambaya ko walima ake yi.

Malam ya sallame shi da murmushi da kwanon abinci. Yana juyowa murmushin ya ɓace.

"Lado, ka san takardar izinin zaman mutum nawa ka ajiye a bakin ƙofar nan? Wanda bai iya tsare takalmi ba, shi zan ba 'yata? Kada ka sake tako mini gida."

Jamilatu ta sha kuka a ɗaki, ta kuma ji haushin Lado ƙwarai. Da ta kira shi, haƙuri ya fara bayarwa, sannan ya ce, "Harouna shekararsa bakwai bai ji wa'azi da Hausa ba, Jamila. Ya baro gida cikin faɗa da babansa. Gani yake Allah ya gama da shi."

Washegari ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ba zan saɓa maka ba, Lado ba zai zo ba. Amma Harouna fa? In shi ba zai zo ba, bari in riƙa yi masa rikodin wa'azi a waya."

"Ke kika sani," in ji Malam, bai ko ɗago daga jaridarsa ba.

Ranar Juma'a da aka watse, ta zauna a kicin ta bar ƙofa a buɗe, ta kunna rikodin a wayarta. Ta fara labarin ɗan nan da ya ƙwace gādonsa ya tafi ya lalatar. "To da ya gyara halinsa, ya nemi aiki ya zama mutumin kirki, sai babansa ya yarda ya karɓe shi..."

Aka ji jarida ta faɗi. Malam ya shekara ashirin yana koyar da yara a majami'ar Wusasa, kuma gara ka taka masa ƙafa da ka karkata masa labari.

"Wa ya koya miki haka? Da tsummansa ya dawo, yana warin aladu. Uban ne ya sheƙa da gudu ya rungume shi tun bai buɗe baki ba. Bishara ke nan, Almasihu ya riga ya biya, kyauta ce. Ba ni wayar nan."

Ta miƙa masa, ta juya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Allah kaɗai ya san ko da gangan ta yi kuskuren.

Haka aka yi wata biyar. Duk Juma'a Malam yana gunaguni yana rikodin, Jamilatu tana tura wa Lado, Lado yana kunna wa Harouna a bayan sito lokacin hutun rana. Tambayoyin Harouna su biyo ta hanyar su dawo. Sau biyu gwaggonta ta kira daga Zariya da zancen wani likita mai neman aurenta, Jamilatu ta ce ta gode, tana jiran Baba ne.

Wata Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa. Harouna ne, rungume da takalmansa a ƙirji. Kwangilarsa ta ƙare, jibi zai koma gida.

"Baba, na zo in ga mai muryar. Na kira tsohona bayan shekara bakwai. Ban gama ba shi haƙuri ba ya ce yaushe zan iso, zai zo tasha da kansa."

Malam ya leƙa bayansa. "Ina wanda ya kawo ka?"

"Yana ƙasa cikin rana. Ya ce an hana shi hawowa."

Malam ya sauka benen nan da kansa, duk da ciwon gwiwarsa. Jamilatu ta leƙa ta taga, ta hango Lado zai zube ya gaishe shi, tsohon ya kamo kafaɗunsa tun bai kai ƙasa ba. Da suka shigo, Malam ya karɓi takalman Lado ya jera su a kantar 'yan gida, kusa da nasa.

"Ni na tsare ƙofa, kai ka kawo mutum," ya ce wa Lado. "Ka rubuta wa manyanka su je Wusasa."

Wanda ya gane cewa kyauta aka karɓe shi ba ya iya rufe wa wani ƙofa har abada, kuma haƙurin 'ya mai biyayya yakan sauko da uba daga hawa na uku. Dokar takalma dai tana nan har suka bar Riyad, sai dai Lado aka ɗora a kanta.