Allurar Hajiya Rabi

Gali ya fara ganin Sakinat a cikin tasi, ranar da ya yanke babban yatsansa da wuƙar farke buhu. Daga kasuwar Bodija ya taso, inda yake sayar da albasa a rumfar mahaifinsa. Sun matsu a kujerar baya. Ya naɗe yatsan da guntun buhu, jini yana ratsowa.

Yarinyar da ke gefensa ta dubi hannun. Fuskarsa ko kallo ba ta yi ba.

"Malam, me ka sa wa ciwon nan?"

"Man birki. Direbobi suka ba ni."

"Man birki? Kai mota ne?"

Direban ya tuntsire da dariya, ya faɗi wani abu da Yarbanci, ta mayar masa da Yarbanci, ya mai da hankali kan tuƙinsa. A Mokola ta sa Gali ya sauka. Ta sayi ruwan leda ta wanke yatsan a bakin titi, ta ciro filasta daga jakarta ta manna masa.

"Ka je asibiti a yi maka allurar rigakafi yau."

"Ke ki yi mini mana."

"Ban kai ba. Ɗaliba ce ni a kwalejin koyon jinya. Ba na yin allura sai a asibiti, sai Sista mai koyar da mu tana tsaye a kaina."

Ya ji haushin yadda ta yi masa faɗa a gaban mutane. Haushin ne ya bi shi har gida, ya kwana da shi, ya tashi da shi. Kafin mako ya ƙare ya gano gidansu. A Sabo take, unguwar Hausawa, kamar shi, 'yar Malam Muhammad Sani mai karantar da yara a bayan masallaci.

Da Gali ya nemi izinin zance, Malam bai ja magana ba. Ya ce Gali ya riƙa zuwa bayan la'asar, ya tafi kafin magariba, kuma karatun yarinya ba abin taɓawa ba ne.

Nan wahalar Gali ta soma.

A Sabo, yarinya ta sa fararen kaya sau ɗaya, ta zama likita. Sakinat tana da abin awon jini da take koyo da shi. Duk ranar da Gali ya zo zance, ya sa shadda, ya fesa turare don ya kashe warin albasa, sai ya tarar da tsofaffi a zaure sun yi layi, kowace ta naɗe hannun riga. Ya zauna a ƙarshen benci kamar shi ma mara lafiya.

Wata rana ya fara cewa, "Sakinat, tun ranar da na gan ki..."

"Shiru tukuna, ina saurare," in ji ta, abin ji yana kunnenta.

Tsohuwar da ake aunawa ta dube shi. "Ɗana, ka ƙarasa mana. Mu ma muna son ji."

Ya tashi ya tafi. A hanya ya rubuta mata:

"Nas ɗina, ni ma jinina ya hau. Yaushe layi zai zo kaina?"

Ta amsa:

"Mai Albasa, naka hawan jinin ni na jawo shi, ni zan sauke shi. Ka yi haƙuri. Gobe ka zo da wuri, zan ɓoye abin awon."

Ya zo da wuri. Ya tarar da Kamal.

Kamal yana da kemis a Mokola. Yana yi wa kowa allura, a ba shi kuɗi ya caka, ba ya tambayar komai. Shi ma neman Sakinat yake yi, yana cewa in ya aure ta ga shago, ba sai ta sha wahalar jarrabawa ba. Gali ya shiga zaure ya ga yatsunta biyu a kan wuyan hannun Kamal, idonta a kan agogo. Bai yi sallama ta biyu ba, ya juya.

"Har riƙe hannu aka fara?" ya rubuta.

"Bugun zuciyarsa nake ƙirgawa. Ya ce ƙirjinsa na ciwo. Babu abin da ke damunsa sai son a kula shi. In wannan zai dame ka, ka faɗa tun yanzu, don aikina ke nan har in tsufa."

Gali ya karanta, ya cusa wayar a aljihu, ya yi wa wani mai ciniki tsawa ba gaira ba dalili. Da yamma ya sauko.

"Na ji. Amma nawa hannun fa?"

"Naka sai an shafa Fatiha."

An tsayar da magana manyan Gali za su je neman aure. Sai mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta aika a kira mata Sakinat. Ta ce jikinta ba daɗi, ta sayo allura a kemis, yarinyar ta zo ta yi mata.

Sakinat ta taho kai tsaye daga makaranta, da fararen kayanta da jakarta. Gali yana tsakar gida, yana jin komai ta labule.

"Sannu, Hajiya. Ina ke miki ciwo? Tun yaushe? Wa ya rubuta miki wannan allurar?"

"Kamal ya ba ni."

"Kamal ba likita ba ne. Ba a san abin da ke damunki ba, ya za a yi miki allura? Haka mutane suke kashe kansu. Ni ba zan yi ba. Gobe a kai ki asibiti."

Gali ya dafe kai. Gaskiya ta faɗa, amma a tsaye ta faɗe ta, ko takalmi ba ta gama cirewa ba, ga uwar mutumin da za ta aura.

Da ta fita, Hajiya Rabi ta kira shi.

"Ka ji ta?"

"Inna, dokar makarantarsu ce..."

"A ɗakina ta tsaya mini a kai tana ƙirga mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Tun ba ta shigo ba ke nan. In kana son ta, ta bar makarantar nan. In ba haka ba, ƙafar mutanenmu ba za ta taka gidansu ba."

Labarin ya zaga Sabo kafin gari ya waye. Kamal ya taimaka wajen yaɗa shi. Aka ce 'yar Malam ta ƙi yi wa surukarta allura. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce boko ne.

Gali ya kai wa Sakinat saƙon. Ta saurare shi har ya gama.

"In bar makaranta?"

"Ba ni na ce ba."

"To kai me ka ce?"

Ya tsaya yana gyara hula. Ta shige gida. Da daddare saƙonta ya shigo:

"Gali, ina son ka, ba na ɓoyewa. Amma na wanke gyambon da masu shi suka gudu suka bari, na tsaya a ɗakin haihuwa har ƙafata ta kumbura. Ban yi wannan don in ajiye shi a ƙofar gidanku ba. Da na yi wa Hajiya allurar nan wani abu ya same ta, da wane ido za ka dube ni?"

Ba ta ce Mai Albasa ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya shiga tsakanin mata biyu, kowace ta kafe. Ya roƙi uwa, ta juya masa baya. Ya roƙi yarinya, ta ce tana da jarrabawa. A kasuwa ya riƙa zuba wa mutane albasa fiye da abin da suka saya, wasu kuma ƙasa. Mahaifinsa, Alhaji Rabe, mutum ne da ba ya kashe magana a banza. Ya zuba masa ido kwana da kwanaki. Ran nan suna zaune a rumfa, ya ce:

"Kai wawa ne."

"Na'am, Baba."

"Tun da uwarka ta ce ba ta da lafiya, ka ga ta kwanta?"

"A'a."

"Ta je asibiti? Ta kira wani ya yi mata allurar?"

Gali ya girgiza kai. Kwalbar allurar tana nan a kan talabijin, ba a fasa ta ba. Kullum yana ganin ta.

"Uwarka tsoron allura take yi," in ji Alhaji Rabe. "Da za mu je Makka, mata uku suka danne ta kafin a yi mata rigakafi. Yarinyar take so ta gani. Ba za ta iya zuwa gidansu ba, ba za ta iya cewa a kawo mata ita ba tun ba a yi tambayar aure ba. Sai ta nemi dalili. Ita 'ya ta aika a kira mata, aka kawo mata ma'aikaciya. Tashi ka gyara buhun can."

Gali bai gyara buhun ba. Ya tare acaɓa.

Ya tarar da zauren Malam cike kamar kullum. Wannan karon bai zauna a ƙarshen benci ba. Ya ce da tsofaffin, "Iyayena, yau asibiti a rufe yake. Ku yi haƙuri." Suka fita suna gunaguni. Ya faɗa wa Sakinat abin da mahaifinsa ya ce.

Ta ajiye abin awon.

"Wato lafiyarta ƙalau?"

"Ta fi ni."

"Ni kuma na tsaya ina tambayar ta tun yaushe." Ta rufe fuska da hijabi. "Ko durƙusawa ban yi ba, Gali. Hankalina yana kan kwalbar."

"Ke ai kullum haka kike. Yatsana kika fara gani kafin ki gan ni."

"Amma makaranta ba zan bari ba."

"Ban ce ki bari ba. Na gaji ne kawai. Ki je ki gaishe ta, don Allah, kafin in haukace."

Ranar Juma'a ta je, da atamfa da mayafi, babu jaka. Ta riƙo kwanon masa da ta soya da hannunta. Ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe da Hajiya Rabi, ta sunkuyar da kai. Gali yana bayan labule.

Hajiya Rabi ta bar ta a durƙushe. Ta buɗe kwanon, ta gutsuri masa, ta tauna a hankali. Ta tambayi lafiyar Malam, ta tambayi mahaifiyarta, ta tambayi wa ya koya mata suyar masa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbar daga kan talabijin ta ajiye a tsakaninsu.

"Ga ta nan har yanzu."

Gali ya rufe ido.

"Inna," in ji Sakinat, muryarta ƙasa ƙasa, "ki yafe mini yadda na shigo miki ran nan. Na yi rashin ladabi. Amma wannan, ko yau ma ba zan yi miki ba. Ina so ki daɗe, ki ga abin da Allah zai ba mu."

Hajiya Rabi ta dube ta.

"Ko na ce sai kin yi?"

"Ko kin ce, Inna."

Hajiya Rabi ta ture kwalbar da yatsa, can nesa da ita.

"Ɗauke mini abin nan ki jefar. Tun da ya shigo ɗakin nan ba na barci da kyau." Ta ɗauki wata masar. "Saura nawa ki gama?"

"Shekara ɗaya, Inna."

"To ki gama. Amma ki ji ni da kyau. In kin zama cikakkiyar nas, kowa ki caka a garin nan, ban da ni." Ta ɗaga murya. "Kai kuma da ke laɓe a bayan labule, je ka gaya wa ubanka su shirya goro."

An kai tambaya. Malam Muhammad Sani ya ce ya bayar, amma ɗaurin aure sai sakamako ya fito. Gali ya ƙara shekara guda a ƙarshen benci. Kamal ya daina ciwon ƙirji.

Sakinat ta ci jarrabawa, ta samu aiki a wani asibiti kusa da Ojoo. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Mutanen Bodija sun zo, Hausawa da Yarbawa. Sistar da ta koyar da ita ta zo da ƙaton ɗankwali. Malam ya yi addu'a, aka shafa.

Da aka kawo amarya ɗakin Hajiya Rabi, ta kama hannunta ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa albarka a hannun nan, da wanda zai taɓa."

Da jama'a suka ragu, Gali ya shiga ɗakinsa, ya zauna kusa da matarsa, ya naɗe hannun riga ya miƙa mata.

"An shafa Fatiha."

Ta ɗora yatsunta biyu a kan wuyan hannunsa. Ba ta nemi agogo ba.

"Yana gudu, Mai Albasa."

Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Muryar tsohuwa ce, tana tambaya ko amarya ta taho da abin awon jini.

Gali ya yunƙura. Kafin ya miƙe, suka ji Hajiya Rabi daga tsakar gida:

"Ba ta nan. Ki dawo bayan sati."