Da Wane Kirari Za Mu Gode Miki?

"Moyo za ki ce! Kalma ɗaya ce fa, Rati... in an tambayi kan gidanku ki ce Moyo, magana ta ƙare!"

Ratidzo ta kawar da kai. Ta manna goshi da gilashin mota tana kallon gonakin masara da suka bushe suna jiran girbi. Motar da ke zuwa garin Gutu ta cika maƙil da masu tafiya gida hutun Ista, ga buhunan sukari, ga burodi, ga kuma wata tsohuwa a bayansu da ta baza kunne tun daga tashar Harare.

"Moyo na mahaifiyata ne, Anesu. Ɗa kan gidan ubansa yake ɗauka."

"Rage murya mana!"

"Ni Ngara ce. Kai ma Ngara ne."

"Na sani! Ba shi ya sa nake roƙonki ba?"

A birni wa ke tambayar wani kan gidansu? Sai da soyayya ta yi musu mugun kamu, wata rana suna kallon ƙwallo Anesu ya fusata ya rantse da Ngara, wato beguwa, dabbar gidansu. Ratidzo ta tuntsire da dariya ta ce ashe ɗan'uwa ne. Shi bai yi dariya ba. Masu kan gida ɗaya jini ɗaya ne ko da kakanninsu ba su taɓa haɗa hanya ba, kuma babu aure tsakaninsu.

"Ba an ce ana yanka farar saniya a raba zumuncin ba?" in ji Ratidzo.

"A wasu gidajen, ba gidan Babana ba. Ɗan ƙanensa ya gwada, har yau ko mutuwa aka yi ba a aika masa." Ya kamo hannunta ya matse. "Rabin raina, ki dube ni. Wa zai ƙaryata ki? Wa ya san mahaifinki a can?"

Nan ne ya taɓa mata inda ke ciwo. Babu wanda ya san shi kam. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya baro ƙauye tun yana saurayi bai koma ba, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, ya rene ta shi kaɗai a ɗakin haya. Shi ya koya mata riƙon muciya. Ko tuwon ya ƙone, ko ya yi gudaji, sai ya cinye tas ya tafa hannu ya gode mata da kirarin beguwa, kamar wadda ta ciyar da gari guda. Tun da aka binne shi ba ta ƙara jin wani ya kira ta da shi ba.

"Zan gwada..." ta ce, muryarta ciki-ciki.

Gwaggo Marwei ce ta tare su a ƙofar gida. Yayar Baba ce, mahaifin Anesu, kuma a gidan nan ko kaza ba ta aure sai ta sa baki. Ta ƙare wa Ratidzo kallo tun daga ɗankwali har takalmi.

"Wannan ce? Kai Anesu, ba ka ba ta abinci a birnin? Mu ga hannun... to, faratan dai gajeru ne, da sauran fata. Gobe tukunya taki ce, 'yar birni. In tuwonki bai nuna ba, da ke da shi zan saka a mota!"

Aka yi dariya, Ratidzo ma ta yi.

Washegari tun sanyin safiya ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan wankan manya. Lokacin kaka ya shigo sosai. Gyaɗa a shanye a kan dutse, kabewa a jere a gindin rumbu, ƙanshin gasasshiyar masara ya cika gidan. Duk inda ta juya sai ta ji gidan yana shiga ranta, sai kuma tsoro ya biyo baya. Anesu kuwa ya kasa zama. Ya leƙo ɗakin girki neman ashana, ya dawo neman wuƙa, ya sake dawowa bai ma san abin da zai ce yana nema ba.

"Fita mana daga nan!" in ji Mama, mahaifiyarsa. "Cinye ta za mu yi?"

Ratidzo ta yanka kazar gida ta soya ta da albasa da tumatir har ta yi ja. Ta ɓare zaren ganyen kabewa ɗaya bayan ɗaya, ta dafa shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Sannan ta yi talge, ta bar shi ya tafasa har yana tsalle, ta dinga zuba gari tana tuƙi. Hayaƙi ya cika mata ido, kafaɗarta ta ɗauki zafi, ba ta saki muciya ba sai da tuwon ya fara numfashi yana barin jikin tukunya.

Gwaggo ta gutsura, ta mulmula a tafin hannu, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa don neman abin kushewa, ba ta samu ba.

"Wa ya koya miki?"

"Babana, Gwaggo."

"Namiji? Ikon Allah!"

Da rana ta take aka taru a ɗakin girki, maza a kan dakali, mata a tabarma. Ratidzo ta bi su a durƙushe da ruwan wanke hannu, ta fara da Baba. Dattijo ne mai tsada wajen magana, amma sai da ya nemi ƙari. Aka ci har aka suɗe kwano. Anesu ne kaɗai ya dinga juya loma ɗaya a miya.

Gwaggo ta goge baki, ta gyara zama, ta haɗa tafukanta.

"To, 'yar mutane, ba a cin abinci irin wannan a tashi haka. Da wane kirari za mu gode miki?"

"Moyo ce, Gwaggo!" Anesu ya yi caraf ya amsa.

"Kai na tambaya? Kai ka tuƙa?" Ta harare shi, aka yi dariya. "To madalla, Moyo gidan arziki ne."

Ta fara tafi a hankali, sauran mata suka ɗauka, maza suka bi.

"An gode, Moyo... an gode, masu zuciya..."

Shi ke nan fa. An yi ƙaryar a madadinta ba tare da ta buɗe baki ba, abin da ya rage kawai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, aure ya tabbata. Ta sunkuyar. Anesu ya sauke ajiyar zuciya har tana jiyo shi.

Sai dai godiya ba ta tsayawa a kan mai girki, wucewa take ta isa ga waɗanda suka haife shi. Ratidzo tana ji ana tafa wa wasu mutane, ana kiran kakannin da ba su taɓa riƙe mata muciya ba, shi kuwa wanda ya tsugunna gaban murhu da kayan aiki a jikinsa yana cewa "juya ta ƙasa, 'yata", an tsallake shi kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Tana son Anesu, Allah ya sani tana son sa kamar ranta, amma wannan ta kasa haɗiye shi.

"Gwaggo... ku tsaya."

Tafin ya yanke.

"Rati!" in ji Anesu.

"Ku gafarce ni, Baba. Ku gafarce ni, Mama. Moyo na mahaifiyata ne." Hawaye suka ɓalle mata. "Tuwon nan na Babana ne, shi ya kamata godiyar ta je wa. Ni Ngara ce."

Mama ta dafe ƙirji. Gwaggo ta sauke tafukanta a cinya.

Baba ya dubi ɗansa.

"Ka sani?"

"Baba, ku saurare ni, a birni yanzu..."

"Na ce ka sani?"

"Na sani."

Dattijon ya girgiza kai. Ya juyo ga Ratidzo, muryarsa ta yi laushi.

"Mahaifin naki yana raye?"

"Ya rasu, Baba."

"Danginsa fa?"

"Ban san kowa ba."

"Wa yake gode miki in kin yi girki?"

Ta girgiza kai.

Baba ya ajiye sandarsa. Shi da kansa ya haɗa hannu ya fara tafi, mai nauyi, a tsanake.

"An gode, Ngara. An gode, mai ƙaya a gadon baya, mai harbi ba da baka ba. An gode, 'yar masu kwana a kogon dutse. Ka ji, kai da ke kwance a birni cikin baƙi? 'Yarka ta iso gida, ta ciyar da mu, mun ƙoshi."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa tana kuka. Ratidzo ta kife a tabarma. Kalmomin da Babanta yake faɗa ne, har inda yake jan murya. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata wuri guda, don ta san abin da dattijon ya yi. Ya karɓe ta hannu biyu, ya kuma rufe ƙofar auren da bakinsa.

Mama ta matso ta kwance mata ɗankwalin kunya da zanin da ta ɗaura a kan siket.

"Suruka ke rufe kai a nan, 'yata. Ke gidan ubanki kike."

Anesu ya miƙe ya fice, har yana ture kwanon ruwa.

A bayan rumbu ta same shi, inda aka tara damin masara. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Shiru kawai za ki yi, Rati! Shiru! Na riga na faɗe ta a madadinki, ke ba ki ma yi ƙarya ba!"

"Na sani..."

"Kin sani kika kashe ni a gaban iyayena?"

"Ka yafe mini."

Ya riƙo kafaɗunta. "Ji nan, masoyiyata. Mu koma Harare yau ɗin nan. Mu je kotu a ɗaura mana, ba ruwan alƙali da beguwa. Su riƙe gidansu!"

Zuciyarta ta yi tsalle ta amince kafin ita ta amince. Ta dubi fuskar nan da ta saba gani a mafarki. Daga tsakar gida tana jiyo Mama tana kiran kaji, Gwaggo tana faɗa da wani kan gyaɗar da aka bar wa awaki.

"In muka tafi ba za ka ƙara taka gidan nan ba."

"Na yarda!"

"Ba ka san abin da kake yarda da shi ba. Ni na sani. Hutu ya zo kowa ya hau mota, kai kana ɗaki ba ka da inda za ka. Ka yi ciwo ba mai zuwa. Babana haka ya mutu, Anesu, mu biyu ne a ɗakin. Ina son ka da yawa, ba zan iya mayar da kai haka ba."

"To ni in yi yaya da raina? In dinga ganinki a gidan nan ina kiranki me?"

Ta cire hannayensa daga kafaɗarta a hankali, ta riƙe su ɗan lokaci, sannan ta saki. Ta ja da baya, ta rusuna kamar yadda ƙanwa take yi wa babban wanta.

"Ka shigo ciki, Yaya... Baba yana kira."

Anesu ya zube a kan damin masara ya rufe fuska da tafukansa, kuka ya ƙwace masa. Ita kuwa ta juya ta nufi ɗakin girki kanta a buɗe, ba ta share hawayen ba, ba ta kuma waiwaya ba.