Kashi na Uku

"Ya tafi fa, Firdausi. Da idona na ga ɗan kulando ya ɗauke shi a babur zuwa gadar Ngeli ta bakin iyaka, da jakarsa."

Zaliha, ɗiyar kawunta, ta faɗa tana murmushin da ta kasa ɓoyewa. Ita ma ta daɗe da ƙyasa Junaid.

Firdausi ta ci gaba da yi wa ɗiyarta Adama kitso.

"Mama, Baba Junaid zai dawo?"

Tambayar da take tsoro ke nan. Uban yarinyar ya tafi Libiya tana goye, sai takardar saki ya aiko. Tun daga ranar ta rantse ba wanda zai sake koya wa ɗiyarta zaman jiran ƙofa.

Junaid baƙo ne daga Kano, yana sayar da atamfa a unguwar Ridina. Wani tsohon fim na jiragen sama-jannati ne ya haɗa shi da Firdausi. Marigayi mahaifinta yana da kaset biyu cikin uku, da Faransanci, yakan fassara mata tana zaune a cinyarsa. A ƙarshen na biyu matuƙin jirgin ya sauke matarsa da jinjira a wata duniya marar ruwa, ya ce zai dawo.

Na uku bai taɓa shiga gidansu ba. Da ta girma kuma, ita ta ƙi nema.

"Kowa matuƙin yake yabo," ta taɓa gaya wa Junaid. "Ni matar nake gani. Wa ya tambayi abin da ta ba yarinyar ta ci?"

Dariya ya yi ranar.

Kawu Rufa'i kuwa magana ɗaya ya yi: "Baƙo raɓa ne. Kalas, magana ta ƙare."

Kwana goma sha shida, ko waya babu...

Ranar Juma'a da hantsi tana cika tulunta ginin garin Gawi da ruwa, ta ji sallama. Junaid ne, ya rame, bayansa wata dattijuwa da wani mai farin gemu.

Adama ta zabura. Firdausi ta riƙe hannunta gam.

"Me ya dawo da kai?"

"Ban tafi ba balle in dawo, sanyin idona. Kawu ne ya ce kada ki sake jin muryata sai na kawo manyana. Ga Hajiyata, ga Baffa Dawuda."

Ta dubi Kawu Rufa'i da ya fito daga ɗaki. Ya kau da kai.

"Na ɗauka ba zai iya ba," ya ce a hankali. "Bismillah, ku shigo. Zaliha, kawo tabarma."

Da manya suka shige, Junaid ya miƙo mata wani faifai a leda.

"Kashi na uku. Na samo a Kano."

Ba ta karɓa ba.

"Faɗa min da bakinka... ya dawo?"

Ya dubi Adama, ya dube ta. Ta san ƙarya ɗaya za ta wadatar, kuma ta ga ya sani.

"Bai dawo ba."

Hawaye suka zubo mata.

"Amma matar ta haƙa rijiya, Firdausi. Gari guda ya taru a kanta. Ke kika fi kowa fahimtar fim ɗin, ba ki ma gani ba." Ya rage murya. "Na kama gida a nan unguwar Waliya. Hajiya ma a nan za ta zauna."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da bai yi mata ƙarya a kan fim ba...

Ta saki hannun Adama.

Yarinyar ta ruga ta rungume ƙafafunsa.

"Ajiye faifan," Firdausi ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Bayan ɗaurin aure ma kalla. Amma ni zan fassara, Faransancinka abin tausayi ne."