Kwalta a Bakin Faifan Caji

Ranar Litinin da safe kekunan lantarki na ƙungiyar masunta a Warra suka ƙi ɗaukar caji. Faifan da ke kafe cikin siminti, wanda ake jingina keke a kansa ya sha wuta ba tare da waya ba, ya mutu murus. Da aka buɗe shi, babu naɗin tagullar da ke ciki. Kifi na jira cikin kwanduna, rana na hawa.

Kafin Sajan Hasiya ta iso, har an yanke hukunci. An zaunar da Ruth, mai kula da wurin, a ƙasa, ana ta nuna ta da baki. Kaico! Wata takwas tana sharar wurin nan ba a rasa ko allura ba, amma yau aikinta da sunanta za su tafi tare.

"Ranki shi daɗe, ita ka riƙon mabuɗin rumfa," in ji Surajo, mai gyaran kwale-kwale kuma sakataren ƙungiya. "Mi ya saura?"

"Ina kike jiya da safe?" Sajan ta tambayi Ruth.

"Coci, ranki shi daɗe. Na bar keke ɗaya yana caji, na kulle."

"Wa ke da wani mabuɗin?"

"Akwai na ofishin ƙungiya."

Wasu suka ce a kamo Mamuda mai sayen gwangwani. Sajan ta tsuguna, ta shafa bakin faifan, ta shinshina yatsarta. Ko da yake an riga an buɗe, alama ta nuna ɓarawon ya mayar da murfin tsaf, ya cusa tsumma a tsagar, ya shafe da kwalta.

"Ku ƙyale Mamuda," ta ce. "Ɓarawon ƙarfe fasawa yake ya gudu, ba ya tsayawa gyara. Wannan kuwa toshin jirgin ruwa ne."

Surajo ya yi dariya, hannunsa ɗaya na cikin aljihu tun ɗazu. "Masu toshin jirgi a garin ga sun fi talatin."

"Haka ne. Ruth, me kike faɗa wa masu kawo keke?"

"Kullum ina cewa kada a sa ƙarfe tsakanin keke da faifai in yana aiki. Zafi yake ɗauka, musamman zobe."

"Malam Surajo, ka taɓa jin wannan?"

"Wa ka sauraren surutun mata?"

Ran Sajan ya ɓaci, ba ta kuma ɓoye ba. "Miƙo hannun da ke cikin aljihu."

Sai da ta maimaita ya miƙo. Ƙuna ta zagaye yatsarsa cif, sabuwa, da bororo. Zoben azurfar ya koma ɗaya hannun.

"Ka ɗauki mabuɗin ofis," ta ce. "Ka tarar da keke na caji, ka zura hannu ƙarƙashinsa kana laluben kusoshi, zobe ya gasa ka. Ka cire tagulla, sannan hannunka ya yi abin da ya saba, ya toshe kamar jirgi."

A ƙarƙashin katakan shagonsa aka sami naɗin, ko sayarwa bai yi ba. Ya ce shi ya kamata a ba riƙon wurin tun farko, ba mace ba. Don wannan kawai zai jefa baiwar Allah kurkuku!

Aka sa Surajo cikin motar 'yan sanda. Masu nuni da baki suka fara sulalewa. Ruth ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta dubi Surajo.

"Sau nawa na faɗa a gabanka, Malam? Da ka saurara sau ɗaya, da yanzu ni ke cikin motar nan."